Azumin da Ba Shi da Magariba: Abin da Ke Sa Mutum Ya Hana wa Kansa Halal

  

Tun da watan nan ya kama muke magana a kan bari: barin ci, barin sha, barin kusantar iyali da rana, barin ƙarya da gulma. Yau za mu duba wani bari na daban, wanda Allah bai ɗora wa kowa ba, amma mutane da yawa suka ɗauka suka aza wa kansu. Akwai waɗanda azuminsu ba shi da magariba. Ina nufin mutumin da yake da wani abu na halal da ransa ke so, abin da ke sanyaya masa zuciya, amma ya yanke wa kansa shi shekara da shekaru, alhali likita bai hana shi ba, malami bai ce masa haramun ne ba, rashi kuma bai raba su ba. Ga dattijon da ya tashi da son doki, yana da halin riƙonsa, amma rabonsa da sirdi tun ranar da ya sauko daga Makka. Ga magidancin da ya iya jefa fatsa a tafki tun yana yaro, yanzu da ya zama ma'aikaci sai ya tsaya daga nesa yana kallon masunta. Ga uwargidan da ta iya saƙa da kitso da ƙunshi, wadda tun da ta aurar da ƴar fari lalle bai ƙara taɓa ƙafarta ba. Ga saurayin da ya fara zaman karatu, ya jefar da ƙwallo, ya daina dariya, ya ɗaure fuska kamar mai bin kowa bashi. In ka tambayi kowanensu dalili, amsar kusan guda ce: ai mun wuce nan, ko kuwa, duniya ce, me za a yi da ita? Ƙarƙashin wannan amsa guda kuwa akwai dalilai daban-daban, wasu abin yabo ne, wasu cuta ce da ta sanya rigar taƙawa. Su za mu tona yau.

Amma mu fara da azumin da muke ciki, domin shi ne ma'auni. An wajabta shi a shekara ta 2 bayan hijira, kuma a farkon lamari ya fi na yanzu tsanani: wanda barci ya ɗauke shi bayan faɗuwar rana kafin ya ci abinci, to ba shi ba ci sai wata magaribar. Buhari ya ruwaito labarin wani mutumin Madina, Ƙaisu ɗan Sirma, wanda ya wuni yana aiki da azumi a bakinsa. Ya komo gida babu abinci a shirye, matarsa ta fita nemo masa, kafin ta dawo gajiya ta kwantar da shi. Washegari da rana ta take sai ya faɗi a some. Manoman da suka taɓa yin sharar gona a watan azumi cikin zafin bazara sun san abin da ake faɗi. Da labari ya kai ga Manzon Allah (S.A.W.), sai aya ta 187 ta Suratul Baƙara ta sauka, ta halatta ci da sha da kusantar iyali tun daga magariba har ketowar alfijir. Ku lura: Wanda Ya hana, Shi ne Ya yanka wa hanin iyaka. Daga nan aka umurce mu da gaggauta buɗa baki da jinkirta sahur. Aka hana haɗa azumin kwana biyu ba tare da shan ruwa ba, wanda ake ce wa wisali. Da wasu sahabbai suka nace, Annabi ya yi da su kwana biyu har aka ga wata, ya nuna musu cewa da watan ya jinkirta da ya ƙara musu, domin su ji a jikinsu abin da suka nema. Ranar salla kuwa, wanda ya ce zai ci gaba da azumi saboda tsananin son lada, zunubi ya ɗauka. Ke nan abin da azumi ke koyarwa shi ne tsayawa inda aka ce tsaya, da miƙa hannu inda aka ce ci. Mai shan ruwa da magariba biyayya yake yi, daidai da yadda yake yi da azahar sa'ad da yake kallon randa bai taɓa ta ba.

Dalilin da ya fi kowanne wuyar magani shi ne zaton cewa wahala ita kanta ibada ce, cewa duk abin da rai ya ji daɗinsa akwai alamar tambaya a kansa. Wannan zato tsoho ne, kuma mutanen kirki ya fi kamawa. Tun Annabi yana raye mutum uku suka zo gidajen matansa suna tambayar yadda ibadarsa take. Da aka gaya musu sai suka ga kamar ta yi kaɗan, suka ce ai shi an gafarta masa. Ɗaya ya ɗauki alkawarin raya dare duka da salla, ɗaya azumi ba hutu, na ukun ya ce shi da aure har abada. Annabi ya same su ya sanar da su cewa ya fi su tsoron Allah, amma yana azumi yana sha, yana salla yana barci, yana kuma aure, kuma wanda ya ƙi wannan hanya tasa ba ya tare da shi. Usmanu ɗan Maz'un ya nemi izinin yanke hulɗa da mata gaba ɗaya, aka hana shi. Wata rana Annabi yana huɗuba ya hango wani mutum, Abu Isra'ila, tsaye cikin rana. Aka ce ya yi bakance ne ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Annabi ya ce a umurce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa. Cikin abu huɗu, ɗaya kaɗai aka bar masa, wanda yake ibada ne tun asali. Sauran ukun azabtar da kai ne kurum, babu lada a cikinsu ko ƙwayar gero. Aya ta 87 ta Suratul Ma'ida ta ja kunnen muminai kada su haramta daɗaɗan abubuwan da Allah Ya halatta musu, ta kuma haɗa wannan aiki da ƙetare iyaka. Aya ta 32 ta Suratul A'arafi ta yi tambaya ta inkari a kan wanda ya isa ya haramta adon da Allah Ya fitar wa bayinSa.

Me ya sa zuciya ke son wannan hanya, alhali wahala ce? Domin rai yana da wayo. Barin zuma ya fi barin gulma sauƙi. Barin hawan doki ya fi biyan bashin da aka daɗe ana ja sauƙi. Mutum na iya sayar da tantabarunsa ranar guda, mutane su gani su ce wane ya tuba, amma tauye mudu a kasuwa, ko danne gonar marayu, ko yanke zumunta da ɗan'uwa shekara goma, waɗannan suna nan daram. Rai ya biya da abin da bai yi masa tsada ba, ya riƙe wanda aka ce ya saki. An kawo cewa an gaya wa Hasanul Basari labarin wani mai gudun duniya da ba ya cin wata irin alewa da ake yi da zuma da mai da garin alkama, wai ba zai iya godiyarta ba. Hasan ya tambaya ko mutumin yana shan ruwan sanyi. Aka ce yana sha. Sai ya nuna musu cewa mutumin bai fahimci komai ba, domin ni'imar ruwan sanyi ta fi ta alewar girma, to ita yaya yake biyan godiyarta? Shehu Abul Hasan Shazali, wanda babu mai cewa bai san tarbiyyar rai ba, an ruwaito yana umurtar almajirinsa da ya sanyaya ruwan shansa, domin wanda ya sha ruwan zafi godiyarsa a leɓe take tsayawa, wanda ya sha mai sanyi kuwa kowace gaɓa ta jikinsa takan amsa godiyar. Mu da muke azumi a ƙasar da zafi ke haye digiri 40, muka ga yadda ake layin ƙanƙara kafin magariba, ba ma bukatar a yi mana sharhin wannan magana.

Mu mutanen Madarumfa muna da wani dalili na musamman da ya sa wannan zato ke saurin shiga zukatanmu. Mun tashi kewaye da kaburburan da kakanni suka ce na waliyyai 99 ne, waɗanda sunansu ya kai har an sanya su, tare da tafkin da dajin, cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO a 2006. Ba zan shiga saɓanin da ke tsakanin malamai a kan ziyara ba yau. Abin da nake so a lura da shi shi ne, yaron da ya tashi yana jin labarin bayin Allah na da, abin da ya fi maƙalewa a kansa shi ne yunwarsu da tsummansu da kwanansu a ƙasa, sai ya ɗauka walittaka ita ce wannan. Gaskiya ne cikin magabata akwai waɗanda suka ƙuntata wa kansu, irin su Ibrahimu ɗan Adhama. Amma magani suka sha gwargwadon cutar da suka gani a ransu, ba su ce da kowa abin haramun ne ba. Kuma a gefensu akwai Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, da aka san shi da tufafi masu kyau da tsada, ba ya zama karantar da hadisi sai ya yi tsabta ya sa turare. An tambayi Imamu Ahmad ko mai dinari dubu zai iya zama mai gudun duniya, ya amsa cewa zai iya, muddin ƙaruwarsu ba ta sa shi murna, raguwarsu ba ta sa shi baƙin ciki. Zuhudu a zuciya yake zaune. Akwai mai riga ɗaya da duniya ta cika masa ciki fal.

Malamin nan na Andalus, Imamu Shaɗibi, Bamalike, wanda ya rasu a 790 bayan hijira, ya warware wannan mas'ala a littafinsa Al-I'itisam ta yadda ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. A taƙaice, wanda ya bar halal don tana cutar da jikinsa ko hankalinsa ko addininsa, babu laifi a kansa. Wanda ya bar ta don tsoron kada ta ja shi zuwa haram, wannan halin masu taƙawa ne. Wanda ya bar ta ba don ko ɗaya ba, aikin banza ya yi. Amma wanda ya bar ta yana ganin barin nan shi kansa addini ne da zai kusanta shi ga Allah, to ya ƙirƙiri abin da ba a shar'anta ba. Mun saba jin bidi'a a cikin abin da aka ƙara. Ga ta nan a cikin abin da aka rage.

Kuma kada mai wannan hali ya ɗauka shi kaɗai ke biyan kuɗin. Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abu Darda'i, ya tarar da matarsa cikin tufafin da ba su dace da matar aure ba. Ya tambaye ta, ta ce ɗan'uwansa ba shi da sauran bukata a duniya. Salmanu ya ƙi cin abinci sai da Abu Darda'i ya karya azumin nafilarsa suka ci tare, ya hana shi tsayuwar dare sai can ƙarshensa, ya tuna masa cewa Ubangijinsa na da hakki a kansa, ransa na da hakki, iyalinsa na da hakki. Da maganar ta je ga Annabi, ya gaskata Salmanu. Gidaje nawa ne a garuruwanmu inda maigida ya kashe wa kansa fara'a, sai yara suka koyi yin shiru da zarar sun ji takunsa? Shi yana ganin natsuwa ce. Su kuwa abin da suka koya shi ne addini da ɗaure fuska tare suke tafiya, ranar da suka sami hanya sai su gudu daga duka biyun.

Akwai kuma mai horon kansa saboda wani zunubi da ya wuce. Ya tuba, amma bai yarda an karɓa ba, sai ya ɗora wa kansa tara: ba dariya, ba kwalliya, ba zama da abokai. Tuba tana da sharuɗɗanta sanannu, nadama da dainawa da ƙudurin rashin komawa da mayar da hakkin mutane, kuma babu zaman kurkuku a cikinsu. Kusa da shi akwai wanda ke zargin kansa da munafunci don ya fito daga wurin tafsiri da hawaye, ya isa gida ya yi wasa da ƴaƴansa. Hanzala, ɗaya daga marubutan Annabi, ya kawo irin wannan kuka, Sayyidina Abubakar ya ce shi ma yana jin haka, suka tafi tare. Annabi ya kwantar musu da hankali da cewa ɗan Adam ba ya dawwama a hali guda, kowane lokaci da abin da ya dace da shi.

Yanzu ga dalilin da na fi gani a ƙasarmu, wanda kuma ba a cika faɗinsa da sunansa ba: bakin mutane. Muna kiransa girma, muna kiransa kunya, muna kiransa dattako. Da mutum ya yi aure, ko ya je hajji, ko aka naɗa masa rawani, ko aka fara ce masa malam, sai jama'a su zana masa wani da'ira su ce nan ne iyakarka. Alhaji ba ya gudu. Liman ba ya dariya da ƙarfi. Mai furfura ba ya shiga kwalekwale don nishaɗi. Babu wanda ya rubuta wannan doka, amma ta fi dokar gwamnati ƙarfi. To, mu auna ta da wanda ya fi kowa girma. Annabi ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa. Bayan shekaru da jikinta ya yi nauyi suka sake, ya tsere mata, ya yi mata barkwanci cewa an rama. Ya tsaya a ƙofar ɗakinsa yana kare ta da mayafinsa tana kallon Habashawa suna wasa da māsu a cikin masallaci, bai gusa ba sai da ita ta gaji. Ya shirya sukuwar dawaki a Madina, horarru daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a hora ba daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kuma Abdullahi ɗan Umar na cikin mahaya. Malik ya kawo wannan a Muwaɗɗa. Yana da taguwa mai suna Adba'u da ba a tsere mata, har ranar da wani baƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Ƙanen Anas, Abu Umairu, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, da tsuntsun ya mutu Annabi da kansa ya riƙa tambayarsa labarinsa cikin raha. In girma na hana waɗannan, wa ya fi cancanta ya bari?

Har ma Suratut Tahrimi da wannan ta buɗe. Annabi ya kasance yana shan zuma a ɗakin Nana Zainabu ƴar Jahshi, kishi ya sa wasu daga matansa suka ce suna jin wani wari daga bakinsa, sai ya yi rantsuwa ba zai ƙara sha ba. Allah Ya yi masa magana a kan haramta wa kansa abin da aka halatta masa don neman yardar matansa. In neman yardar Iyayen Muminai bai zama uzuri ba, ina ga neman yardar masu zaman kashe wando a bakin kasuwa?

Mata sun fi shan wannan ɗaci, kuma sau da yawa daga hannun ƴan'uwansu mata. Mace ta kai shekara arba'in, mijinta na raye, amma in ta yi kitso mai kyau ko ta sa lalle sai a ce tsohuwa ba ta san ta girma ba, wa take yi wa? Mijinta take yi wa, da ranta, kuma lada take samu. Mace ta rasa ɗa ko uba, shekara biyu ba ta ƙara sa turare ba, don kada a ce ba ta ji mutuwar ba. Shari'a ta ba da kwana uku ga kowane mamaci, sai miji kaɗai da ake yi wa takaba wata huɗu da kwana goma, mai ciki kuma har ta haihu. Da Abu Sufyana ya rasu, ƴarsa Ummu Habiba, matar Annabi, bayan kwana uku ta sa aka kawo mata turare ta shafa a kumatunta, ta kuma bayyana cewa ba sha'awarsa take ba, ta yi ne don kada ta wuce iyakar da ta ji daga bakin Annabi. Baƙin ciki ba ya fita da kwana uku, kowa ya sani, kuma hawaye ba laifi ba ne. Abin da aka hana shi ne a mayar da shi tufa. Wani kuma tsoron kambun baka ne ya hana shi morar abin da Allah Ya ba shi: yana da riga a adaka har asu ya cinye ta. An koya mana addu'o'in tsari na safe da maraice don irin wannan. Ba a koya mana binne ni'ima ba.

Na rowa ba zan daɗe a kansa ba, domin kowa ya san shi: rumbu cike, miya ba mai, magada suna jira. Ɗan'uwansa shi ne mai cewa sai na gama gini, sai na aurar da yara, sai na huta. Maƙabarta cike take da masu wannan lissafi.

Sai dai a yi adalci. Akwai barin da yake abin yabo ne, kuma mutanen wannan yanki sun san shi. A shekarar yunwa da ake kira Amur Ramada, 18 bayan hijira, Sayyidina Umar yana cin gurasa da man shanu ya kira wani baƙauye su ci tare. Ya ga yadda mutumin ke bin gefen akushi yana suɗe mai, ya tambaye shi, ya ce ya daɗe bai ga mai ba. Umar ya yi alkawarin ba zai ƙara cin man shanu ba sai jama'a sun farfaɗo. Ku dubi barin: yana da dalili, yana da ranar ƙarewa, kuma amfaninsa ga wasu yake komawa. Waɗanda suka ga 2005 a jahar Maraɗi, bayan fari da farar da suka ci amfanin 2004, sun ga iyayen da suka bar shayi da goro don a sami tiyar hatsi. Waɗanda abincinsu ke kan hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya sun ga abin da rufe iyaka ya yi a 2019, da kuma 2023. Garuruwanmu sun karɓi ƴan'uwa da ɓarayin daji suka koro daga gidajensu. Mutumin da ya sayar da dokinsa don ya ciyar da baƙi goma a gidansa bai haramta wa kansa doki ba, ya fifita wani ne a kan kansa, kuma Allah Ya yabi Ansaru da wannan hali a Suratul Hashri. In sauƙi ya zo, ya sake sayen dokinsa ba tare da jin nauyin kowa ba.

Haka nan wanda abin nishaɗinsa ya fara cin sallarsa, ko ya shigo da caca, ko ya jefa shi bashi, barinsa wajibi ne ko kusa da wajibi. Ɗauki kokowa, wadda mu Maraɗawa muke ji da ita tun da Yakuba Ango Kantu ya zama zakaran gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, har filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Gwada ƙarfi halal ne a asalinsa. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo labarin kokowar Annabi da Rukana, ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa. Abin da ke ɓata ta shi ne dogaro da tsafi, da buɗe al'aura, da ɗaurin kuɗi tsakanin ƴan kallo, da barin la'asar ta wuce ana fili. Wanda zai iya tsabtace ta daga waɗannan ya yi abinsa. Wanda ya san ransa, ya san in ya shiga ba zai fita lafiya ba, ya bari, ya kuma faɗi gaskiyar dalilinsa, kada ya ce da sauran mutane Allah ne Ya haramta. Zaman fada da shayi ma haka: ganyen da sukarin ba su da laifi, naman mutanen da ake haɗawa da shi ne matsalar. Goman ƙarshe da ke tafe, in mutum ya ajiye kallon ƙwallo da dogon hira don ya raya dare, ya yi daidai da sunna, domin Annabi yakan ɗaure ɗamara a cikinsu ya tashi iyalinsa. Kwana goma ne ko tara, sai a ga wata.

Akwai wani kuma da bai kamata a haɗa shi da duk waɗannan ba, domin shi ba bari ya yi ba, ɗanɗanon ne ya bar shi. Abin da yake so da yanzu ba ya motsa shi. Abinci ba daɗi, barci ya lalace, ya janye daga mutane, yana ganin kansa ba shi da amfani. In wannan ya wuce mako biyu yana ci gaba, likitoci suna kiransa ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Yakan kama mai jego, yakan kama wanda aka kashe masa nasa a gabansa, yakan kama saurayin da ya dawo daga ci-rani hannu wofi. Kada a yabe shi da zuhudu, kada a zarge shi da raunin imani. A yi masa addu'a, a zauna da shi, a kai shi gidan likita, musamman in ya fara maganar gara mutuwa. Nana A'isha, in an yi rashi a danginta, takan sa a dama talbina, wani kunu mai laushi, a ba masu baƙin ciki, tana mai dogara da abin da ta ji daga Annabi cewa yana kwantar da zuciyar marar lafiya, yana rage ɓacin rai. Ashe jiki yana da rabo a cikin jinyar zuciya.

Saura hukuncin wanda ya riga ya furta. Mutane da yawa suna riƙe da wata kalma da suka faɗa cikin fushi ko cikin zafin wa'azi shekaru da suka wuce, suna ganin babu mafita. Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani ya yi bayani a Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, cewa wanda ya ce ya haramta wa kansa wani abu na halal, abinci ne ko tufa ko abin hawa, abin bai haramta ba, kuma babu komai a kansa. Wanda ya yi bakancen barin halal, kamar Abu Isra'ila, bakancen bai lizimce shi ba. Amma in da sunan Allah ya rantse, ya ce wallahi ba zai ƙara ba, to ya warware rantsuwar ya yi kaffara: ya ciyar da miskinai goma, kowane mudu guda da mudun Annabi na abincin da ake ci a garin, ko ya tufatar da su, in ba shi da hali ya yi azumin kwana uku, bayan salla ke nan. Abu guda aka togace, shi ne mace. Wanda ya ce wa matarsa ta haramta gare shi, wannan a mazhabarmu babin saki ne, ba a wasa da shi, kuma ba a yanke shi ta rediyo. Ya tashi ya je gaban malami ko alƙali ya faɗi lafazin da ya yi daidai yadda ya fito daga bakinsa.

Gobe in Allah Ya kai mu za mu shiga hukunce-hukuncen i'itikafi, da abin da ke ɓata shi, da sharuɗɗan masallacin da ake yinsa a ciki. Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya ji ƙan magabatanmu, Ya zaunar da iyakokinmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.